Jarumin da ba a kayarwa: Solo Leveling, Overlord, Slime ko The Name of the Wind, wanne ya dace da kai?

Duk wanda ya taso da karatun Iliya Ɗan Maiƙarfi, ko ya saba sauraron littattafan yaƙi da ake karantawa a YouTube, ya san daɗin jarumin da in ya zare takobi maza ke zubewa kamar ana girbin gero. Ya kuma san inda daɗin yake tsayawa. Ranar da ka tabbatar babu abin da zai sami wannan jarumi, daga ranar za ka fara tsallake shafi, domin ka riga ka san wanda zai kwana a ƙasa.

A nan ne masu karatu suka rabu. Wasu na cewa littafin da jaruminsa ya fi ƙarfin kowa ba littafi ba ne, mafarkin rana ne aka ɗaure da bango. Wasu kuma na cewa ai shi suke nema, bayan wahalar yini mutum yana son ya ga wani ya yi nasara ba tare da an wulaƙanta shi ba. Kowane ɓangare yana da gaskiyarsa, sai dai gardamar ba ta taimaki wanda ke riƙe da kuɗinsa yana son ya sayi ɗaya ba. Littattafai huɗu ne sunayensu suka fi yawo in an ɗauko wannan zance: Solo Leveling daga Koriya ta Kudu, Overlord da That Time I Got Reincarnated as a Slime daga Japan, sai The Name of the Wind daga Amurka. Mafi yawanmu da Turanci za mu karanta su, ukun farko fassara ce, na huɗun kuwa da Turanci aka rubuta shi. Zan taɓa wasu manyan wurare a cikin labaran, don ba yadda za a yi a auna su ba tare da hakan ba, amma ba zan faɗi yadda kowanne ya ƙare ba.

Ma'aunin da za a ɗora su a kai

Babbar tambaya ita ce: in jarumi ba zai faɗi a fagen fama ba, to me zai iya rasawa? Marubucin kirki ba ya barin wannan gurbi a buɗe. In ya cire tsoron mutuwa, sai ya dasa wani tsoron a madadinsa: tonon asiri, asarar mutanen da jarumin ke so, rushewar abin da ya gina, ko lalacewar halinsa shi kansa. Littafin da bai yi haka ba, juzu'i biyu ko uku yake yi ya huce. Wannan ma'auni shi ne ya fi sauran nauyi a wurina, kuma shi ne yake bayyana dalilin da ya sa mutum biyu za su karanta littafi ɗaya, wannan ya yaba, wancan ya jefar.

Na biyu, mutanen da ke kewaye da jarumin. Suna da ransu da bukatunsu, ko an ajiye su ne kawai don su buɗe baki su ce ba su taɓa ganin irin wannan ƙarfi ba?

Sauran kuwa lissafi ne: nawa za ka kashe kafin ka kai ƙarshe, an ma kammala labarin ko ana nan ana jira, wane irin Turanci ne a ciki, sannan me ke ciki da zai iya sosa maka rai ko ya hana ka miƙa wa ƙaninka. Farashin da zan ambata na bangon littafi ne da dalar Amurka, kusan-kusan, ban da kuɗin kawowa. Sai ka buga da canjin ranar da za ka saya.

Solo Leveling

Marubucinsa Chugong ya fara sakin sa babi-babi a manhajar KakaoPage a 2016, ya tsaya a babi 270. Kamfanin Yen Press ya fitar da fassarar Turanci a juzu'i 8. An mayar da shi labarin zane daga 2018 zuwa ƙarshen 2021, babi 179, da alƙalamin Jang Sung-rak wanda ya rasu a 2022, kuma wannan zanen ne ya kai sunan littafin ko'ina a duniya kafin fim ɗin zanensa ya fito a Janairun 2024.

Ƙofofi ne suka buɗe a duniya, bayansu dodanni. Wasu mutane suka farka da baiwar yaƙi, aka kira su mafarauta, aka jera su daga matakin E zuwa S. Ƙa'idar ita ce inda ka farka nan za ka tsaya har ka mutu. Sung Jinwoo yana can ƙasan E, har ana masa laƙabi da mafi raunin mafarauta, yana shiga kogunan dodanni ne kawai don kuɗin asibitin mahaifiyarsa da ke kwance ba ta farkawa, da karatun ƙanwarsa. Bayan wani mummunan shiga da akasarin abokan tafiyarsa suka halaka, sai ya zama shi kaɗai ne ke iya hawa mataki. Kullum sai ya yi motsa jiki iri uku, kowanne sau 100, ya yi gudun kilomita 10, in ya ƙi a jefa shi hamadar azaba. Daga baya ya sami ikon tayar da inuwar duk wanda ya kashe ta zama sojansa.

Rabin farko na wannan littafi yana da wuyar ajiyewa, kuma dalilin a fili yake. Ka ga rauninsa da idonka, ka ga kowace lamba da ta ƙaru, ka san uwa na kwance. Ƙarfin bai faɗo daga sama a dare ɗaya ba, hawa aka yi tsani-tsani, kuma mai karatu yana jin kamar da shi ake hawan. Matsalar tana farawa ne wajen tsakiya, bayan ya samo wa mahaifiyarsa magani. Dalilin da ya fito da shi daga gida ya kau, sai marubucin ya koma ƙara girman abokan gaba: daga dodon kogo zuwa sarkin tururuwa na tsibirin Jeju, daga nan zuwa sarakunan wata duniya. Yaƙe-yaƙen suna ƙara faɗi, fargabar tana raguwa.

Ƙorafin da aka fi yi masa gaskiya ne: mutanen gefe ba su da nauyi. Za a kwashe babi ana kambama wani mafaraucin matakin S, sai a kayar da shi cikin shafi biyu don Jinwoo ya iso ya gyara ɓarnar. Hatta Cha Hae-in, wadda aka gabatar a matsayin gwanar takobi, ba a ba ta abin yi sosai ba. Lokacin da fim ɗinsa ya ci kyautar gwarzon shekara ta Crunchyroll, dandalin kallon finafinan zane, a 2025, wannan gardamar ce ta sake tashi, masoya na murna, masu suka na cewa ƙyalƙyali ya rinjayi zurfi. Ƙarshen labarin ma ya raba kan jama'a, wasu na ganin ya share nauyin abin da ya gabata.

Ta fuskar lissafi kuwa shi ne mafi sauƙin sha'ani. An kammala shi. Juzu'i 8 a wajen dala 15 kowanne, kusan dala 120 ke nan a takarda. Turancinsa miƙaƙƙe ne, jimloli gajeru, wanda ya gama sakandare zai bi shi ba tare da ƙamus a gefe ba. Akwai jini da kisa, batsa kuwa kusan babu. In hoto ya fi jan ka, labarin zanen da ke manhajar Tappytoon ya fi rubutun armashi a wuraren faɗa, sai dai yana cin data.

Overlord

Wannan shi ne zan daɗe a kansa, domin shi ne aka fi yi wa mummunar fahimta, kuma shi ne mutane suka fi saya su yi da-na-sani.

Kugane Maruyama ya fara shi a intanet a 2010, aka buga shi littafi a 2012. Wani ma'aikacin ofis ne mai suna Suzuki Satoru, a shekarar 2138, ya zauna cikin wasan kwamfuta da ake kira Yggdrasil a daren da za a rufe wasan bayan shekara 12. Ƙungiyarsu ta mutum 41 ta watse, shi kaɗai ya rage yana gadin kabarin ƙarƙashin ƙasa da suka gina, Nazarick. Sha biyun dare ta buga, wasan bai rufe ba. Sai ya tsinci kansa a wata duniya cikin jikin ƙwarangwal mai sihiri, bayin da abokansa suka ƙirƙira a wasan sun zama masu rai, suna durƙusa masa. Ya ɗauki sunan ƙungiyar, Ainz Ooal Gown, da fatan ko wani tsohon aboki zai ji ya neme shi.

A nan babu tsani. Tun shafin farko yana mataki na 100, a duniyar da gwarzon jaruminta bai kai rabin haka ba. To ina marubucin ya kai haɗarin? Wuri biyu. Na farko cikin zuciyar Ainz: talakan ma'aikaci ne da bai taɓa mulkin kowa ba, ga shi bayinsa sun ɗauke shi mafi hikimar halitta. Kullum yana cikin fargabar kada su gane. Zai furta magana bisa kuskure, sai Demiurge, mafi wayon bayin, ya fassara ta a matsayin wani shiri mai zurfi na mallakar duniya, ya je ya aiwatar, Ainz kuwa ba ya iya cewa ba haka nake nufi ba. Jikin ƙwarangwal ɗin ma yana danne masa duk wani motsin rai mai ƙarfi, tausayinsa ga ɗan Adam yana ta ƙafewa.

Wuri na biyu shi ne gwanintar littafin. Maruyama yakan ɗauke ka daga wurin Ainz ya kai ka cikin mutanen da za a afka wa. Juzu'i na 4 kusan gaba ɗayansa a cikin ƙabilun mutane masu siffar ƙadangaru ake, ka san shugabanninsu, ka ga yadda suke haɗa kai bayan tsohuwar gaba, ka ga soyayya ta ƙullu, alhali ka san abin da ke tahowa ba su da maganinsa. A juzu'i na 7 wasu 'yan kasada ne aka yaudara suka shiga Nazarick, cikinsu har da yarinyar da ke neman kuɗin ceto ƙannenta daga bashin iyayensu. A na 9, a filin Katze, sihiri ɗaya ya kashe sojoji 70,000. Wato tsoron bai ɓace ba, an mayar da shi kan waɗanda ka fara so. Wannan dabara ce ta sa duniyar Overlord ta fi ta sauran ukun cika da mutane: sarakuna masu lissafi, 'yan kasuwa, mayaƙi irin su Gazef Stronoff da ke zaɓar mutunci ko da sun san sakamakon.

Ita ce kuma ta sa da yawa suke ajiye shi. Wanda ya shigo yana zaton zai ga jarumi mai kare raunana, zai kai juzu'i na 7 ya ji zuciyarsa ta tashi. Ainz ba mutumin kirki ba ne da aka yi wa mummunar fahimta. Mugunta ake aikatawa da sunansa, wani lokaci da umarninsa, kuma littafin ba ya hukunta shi. Akwai azabtarwa da aka bayyana filla-filla, akwai maganganun batsa musamman daga bakin Albedo da Shalltear, mata biyu cikin bayin nasa, sannan bayin suna girmama Ainz da abokansa da lafuzzan da suka yi kama da bauta. Musulmi ko Kirista mai kula da irin wannan gara ya sani tun kafin ya biya. Ba littafin da za a bar wa yaro ba ne ko kusa.

Shi ne kuma mafi tsada. Fassarar Yen Press da bango mai tauri take fitowa, wajen dala 20 ko sama da haka kowane juzu'i. Juzu'i 16 sun haura dala 300. Na 16 ya fito a Japan a 2022, labarin kuma bai ƙare a nan ba, ga tazara mai tsawo tsakanin fitowar wani juzu'i da wani. Turancinsa matsakaici ne, amma akwai dogayen bayanai kan matakan sihiri da siyasar masarautu da ke bukatar natsuwa. Ta wajen ƙarko, shi ne wanda ya fi jure maimaici, domin a karatu na biyu ne kake lura da yadda ƙaramar magana a farkon labarin ta haifi bala'i daga baya.

That Time I Got Reincarnated as a Slime

Fuse ya rubuta shi a shafin intanet na Shosetsuka ni Naro daga 2013 zuwa 2015, aka fara buga shi a 2014, juzu'ansa sun haura 20. Satoru Mikami, ɗan shekara 37, an soke shi da wuƙa a titin Tokiyo yana kare wani ƙaramin abokin aikinsa. Ya farfaɗo a wani kogo a matsayin dunƙulen halitta mai yauƙi, ba hannu ba ƙafa, amma duk abin da ya haɗiye sai ya gaji baiwarsa. Ya yi abota da wani dodo da aka tsare a kogon, Veldora, ya sami suna Rimuru.

Ƙarfin Rimuru yana zuwa da wuri, kuma marubucin bai damu ya ɓoye hakan ba, don hankalinsa na wani wuri: gina gari. Rimuru ya tarar da ƙauyen ƙananan dodanni a dajin Jura, ya raɗa musu sunaye, kuma a wannan duniya raɗa wa dodo suna yana ɗaga darajarsa, yana kuma zuƙe ƙarfin mai raɗawar har ya kwanta kwana uku. Daga nan sai ɗauko maƙera, shimfiɗa hanyoyi, cinikin magani, yarjejeniya da masarautar Dwargon, har ƙauye ya zama ƙasar Tempest. Abin da ke cikin haɗari shi ne garin da mutanensa. A juzu'i na 5 an taɓa su da gaske, lokacin da wata masarautar mutane ta kawo hari don kishin kasuwa, kuma martanin Rimuru a kan rundunar mutum 20,000 shi ne wuri mafi nauyi a farkon jerin. Sai dai yadda aka warware asarar ya sa masu karatu da yawa suka daina jin tsoron mutuwar kowa daga nan.

Masoyansa suna son sa ne don sanyinsa. Abokin gaba na jiya yakan zama maƙwabci yau, ana ci ana sha ana biki. Masu ƙorafi kuma abu biyu suke faɗa, duka kuwa haka ne. Taro ya yi yawa: shafi hamsin ana zaune ana tattauna abin da za a yi, har kashi na uku na fim ɗin zanen da ya fito a 2024 ya sha suka a kan haka. Sannan sunaye suna ta ƙaruwa, mutane da baiwa-baiwa, har in ka yi wata biyu ba ka karanta ba sai ka rasa wane ne wane. Wanda zai bi shi ya ajiye 'yar takarda yana rubuta sunaye tun daga juzu'i na 6.

Wajen dala 15 ne kowane juzu'i, jimla kusan dala 300, kuma na baya-bayan suna da kauri sosai. Turancin mai sauƙi ne, da raha. Gininsa gaba ɗaya a kan sake haihuwa bayan mutuwa yake, akwai kuma tayar da matattu da laƙabin sarkin aljanu, ga ɗan wasan ido kan surar mata nan da can, amma bai kai na Overlord ba ko kaɗan.

The Name of the Wind

Wannan daban yake, har wasu za su ce bai kamata a sa shi a layi ɗaya da sauran ba. Na sa shi ne domin babu jarumin da aka fi yin gardama a kansa kamar Kvothe. Patrick Rothfuss ya fitar da shi a 2007, na biyunsa The Wise Man's Fear a 2011.

Kvothe ba ya kashe runduna. Abin da ke damun masu suka shi ne ya iya komai: kiɗa, waƙa, hadda, wasan kwaikwayo, sihiri, harsuna. Ya shiga jami'a yana ɗan shekara 15, ya burge malamai har maimakon ya biya kuɗin makaranta su suka ba shi. Masu kare littafin kuma suna nuna abu biyu. Na ɗaya, shi da bakinsa yake ba da labarin, cikin kwana uku, ga wani marubucin tarihi, kuma ɗan wasan kwaikwayo ne da ya san yadda ake ƙawata zance, don haka ba dole ka gaskata komai ba. Na biyu, mai ba da labarin karyayyen mutum ne da ya ɓoye a wani ƙauye yana tsaron masauki da sunan Kote, kiɗan ya tafi, sihirin ya ƙi. Tun shafin farko ka san ya faɗi, abin da kake bi shi ne yadda aka yi.

Haɗarin da ke cikinsa na yau da kullum ne, kuma ɗalibin da ya taɓa rasa kuɗin rajista zai gane shi nan take. An kashe iyayensa da dukan ayarinsu, ya yi shekara uku yana bara a titunan Tarbean. A jami'a kullum lissafin kwabo yake, ya ci bashi wurin mai ba da rance mai haɗari, ya yi gaba da ɗan masu sarauta, aka yi masa bulala a bainar jama'a, aka hana shi shiga ɗakin karatun da ya zo dominsa. Yawancin masifunsa kuwa girman kansa ne ke jawo su. Wannan ya sa nake ganin a cikin huɗun shi ne ya fi amsa babbar tambayar da kyau. Littafi na biyu ya fi rauni a nan: akwai dogon zango da wata aljana mai suna Felurian, cike da sha'anin kwanciya, inda hatta masoyan littafin da yawa suke cewa an wuce gona da iri wajen kambama shi.

Kuɗinsa kaɗan ne, littafi biyu, tsakanin dala 10 zuwa 20 kowanne gwargwadon bugu, kuma shi ne aka fi dacewa da samu a wurin masu sayar da tsofaffin littattafan Turanci. Amma na farko ya haura shafi 600, na biyu ya kusa 1,000, Turancin kuma na adabi ne, mai kwalliya da karin magana. Babban haɗarinsa: an tsara shi littafi uku, na ukun, The Doors of Stone, tun 2011 ake jiran sa. Ka shiga da sanin cewa za a bar ka a tsakiyar kogi.

| Littafi | Abin da ke cikin haɗari | Yawa | Kuɗi a takarda | An kammala? | Turanci |
|---|---|---|---|---|---|
| Solo Leveling | Ransa da mahaifiyarsa, a rabin farko | Juzu'i 8 | Kusan dala 120 | An kammala | Mai sauƙi |
| Overlord | Asirinsa, da rayukan waɗanda suka gamu da shi | Juzu'i 16 zuwa 2022 | Sama da dala 300 | Bai ƙare a na 16 ba | Matsakaici |
| Slime | Garin da ya gina | Sama da juzu'i 20 | Kusan dala 300 | Na intanet ya ƙare a 2015 | Mai sauƙi, sunaye da yawa |
| The Name of the Wind | Karatunsa, aljihunsa, mutuncinsa | Littafi 2 cikin 3 | Dala 20 zuwa 40 | A'a | Mai nauyi |

Kafin ka biya

Kada ka sayi jeri gaba ɗaya. Manhajar Kindle tana ba da samfurin farkon kowane littafi kyauta, ka sauke na duka huɗun ka gwada Turancin. Bugun waya na littattafan Yen Press galibi bai kai dala 10 ba, babu kuma kuɗin kawowa, sai dai ka tabbatar katin bankinka yana biyan dala kafin ka sa rai. Kowane littafi yana da wurin gwaji. A Solo Leveling, in ka gama juzu'i na farko ba ka ji kana son na biyu ba, ka tsaya, don abin da ke gaba irinsa ne ya ƙara girma. A Overlord, juzu'i na 4 ne ma'auni: in barin Ainz da aka yi aka tafi wurin ƙadangaru ya gundure ka, sauran ma za su gundure ka. A Slime ka kai na 5. A The Name of the Wind ka yi haƙuri har ya isa jami'a, don farkonsa yana tafiyar hawainiya.

Shafukan da ke raba waɗannan littattafai kyauta suna da illa uku bayan tauye haƙƙin marubuci: fassarar inji ce sau da yawa, sunan mutum ɗaya ya canza sau uku a babi guda; babi na ɓacewa a tsakiya; ga tallan caca da na tsiraici. A Overlord da Slime akwai ƙarin tarko, domin rubutun farko na intanet ya sha bamban da wanda aka gyara aka buga, har wasu mutane da aukuwa ba iri ɗaya ba ne. In ka haɗa su za ka rikice.

Wanne ga wa

In abin da kake so shi ne ka ga wanda aka raina ya tashi, kana karatu a waya cikin mota ko kafin barci, kuma ba ka son jira, ɗauki Solo Leveling. Shi ne kuma ya fi dacewa da mai son ƙarfafa Turancinsa ta hanyar labari.

In siyasa da makirci ne ke jan ka, kana iya zama da labarin da mugu ke nasara, kuma kai babba ne da ya san abin da zai tarar, Overlord ya fi sauran ba da abin tunani. In kana bukatar jarumin da za ka so da zuciya ɗaya, ka bar shi, kuɗinka zai tafi a banza.

Mai son labari mai sanyi da zai raka shi wata da watanni, wanda jin yadda ake kafa kasuwa da ƙulla zumunci tsakanin ƙabilu ya fi masa ƙarar takobi daɗi, Slime ne nasa. Wanda kuma daɗin harshe ya fi damunsa, Turancinsa ya nuna, kuma rashin ƙarshe ba zai hana shi barci ba, ya nemi The Name of the Wind, ko da na farkon kaɗai.

In kuwa yaro za ka saya wa, ko kana son abin da Hausa, koma kan Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Gajere ne, ana gama shi a zama biyu, yana da araha a shagunan littattafan Hausa. Asalinsa daga tatsuniyar jarumin Rasha Ilya Muromets ne, shi ya sa za ka ji Sarki Waldima da birnin Kib, amma an yi masa riga ta gida har dokinsa Ƙwalele ya shiga bakin mutane. Iliya ma ya fara ne daga kwance, ba ya iya tafiya, kafin baƙi su zo ƙarfi ya same shi, don haka yaron da ya ji daɗinsa zai iya wucewa zuwa Solo Leveling in ya girma Turancinsa ya kai.